Jagora ga mai masauki: yadda za a zaunar da iyalin da suka zo aiki Katsina daga ƙasar waje, har a kai su Daura su dawo lafiya

Ma'aikata 'yan ƙasashen waje ba baƙon abu ba ne a Katsina. Waɗanda suka yi sakandare a shekarun 1970 da 1980 ba su manta da malaman lissafi da kimiyya daga Indiya da Pakistan da Masar ba, yau kuma jami'o'i da asibitoci da ƙungiyoyin agaji, da aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi wanda ya bi ta Daura da Katsina da Jibiya, suna ci gaba da kawo wasu. Mafi yawansu su kaɗai suke zuwa, amma akwai mai tahowa da matarsa da 'ya'yansa, kuma a irin wannan hali ma'aikata takan zaɓi ɗan gari daga cikin abokan aiki ta ce ya kula da su. Shi ne mai masaukin da nake yi wa wannan bayani. Kara da sakin fuska ba sai an koya wa Bakatsine ba. Abin da yakan yi ƙaranci shi ne tsari, wato sanin abin da za a fara da shi da abin da zai jira, da ƙarfin halin gaya wa baƙo gaskiya ko da ba mai daɗin ji ba ce.

Tun kafin su taso

Maganar tsaro ce ta farko, kuma tun suna ƙasarsu ake yin ta. Ƙasashe irin su Amurka da Ingila sun sanya jihar Katsina cikin wuraren da suke gargaɗin 'yan ƙasarsu game da zuwa, saboda satar mutane don neman kuɗin fansa, kuma baƙonka zai ga wannan a intanet ko ka faɗa ko ka yi shiru. Idan ka ce masa babu komai don ka kwantar masa da hankali, ranar da ya ji labarin hari zai daina yarda da sauran maganganunka. Ka buɗe taswira ka nuna masa yadda abin yake. Jihar tana da ƙananan hukumomi 34, kuma ta'asar 'yan bindiga ta fi tsanani a yamma da kudu, wajen iyaka da Zamfara da Kaduna da kewayen dajin Rugu, a wurare irin su Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da Dandume. Birnin Katsina da shiyyar Daura a gabas sun fi samun sauƙi, amma sauƙin bai kai na sakin jiki ba, domin a watan Mayun 2019 an sace Magajin Garin Daura a ƙofar gidansa. Ka ce wa baƙon ya tambayi kamfanin inshorarsa, a rubuce, ko inshorar tana aiki a jihar da ƙasarsa ta yi gargaɗi a kanta, kuma ya sanar da ofishin jakadancinsu a Abuja cewa yana nan da iyalinsa.

Batun biza da takardar izinin zama, wadda ake kira CERPAC, nauyi ne na ma'aikatar da ta ɗauke shi, ita ce za ta bi ta Hukumar Shige da Fice. Naka shi ne ka tabbatar ba a manta da matar da yaran ba, domin kowannensu, har jariri, yana buƙatar tasa takardar a matsayin wanda ke ƙarƙashin ma'aikacin. Su taho da takardar aure, da takardun haihuwar yara, da sakamakon makarantarsu na baya, da katin rigakafin zazzaɓin shawara wanda ake nema wajen shigowa Najeriya. A yi kwafin kowace takarda, a kuma ɗauki hotonta a waya. Idan sun sauka a Abuja, a nema musu jirgin da zai kawo su filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa, kada a ɗebo su a mota ta Kaduna da Funtuwa. Idan a Kano suka sauka da yamma, su kwana can, a taso da safe, tafiyar kusan kilomita 170 ce.

Gida

Kada ka kama musu gida na shekara kafin su gan shi da idonsu, musamman uwargida, wadda ita ce za ta wuni a ciki. Su yi mako ɗaya ko biyu a masaukin baƙi na ma'aikata ko a otal, ku riƙa zagawa da yamma kuna dubawa. Gidajen ma'aikata na cikin harabar jami'a ko asibiti sun fi komai dacewa idan akwai, saboda akwai masu gadi da maƙwabta abokan aiki. Idan babu, a duba GRA da rukunin gidaje irin na Barhim da sababbin unguwanni na wajen Ƙofar Ƙaura, a guji gidan da ke can ƙarshen gari shi kaɗai komai kyansa da arharsa.

Ruwa ake fara tambaya. Ruwan famfo na birnin daga madatsar Ajiwa yake zuwa, kuma ba kowace unguwa yake kaiwa kullum ba, saboda haka a tambayi maƙwabta, ba dillali ba, ko gidan yana da rijiyar burtsatse, ko tanki yana riƙe ruwa, ko kuwa da 'yan garuwa ake rayuwa. A buɗe kowane famfo a gani. Sai wuta: a ga mita mai kati da ido, a tabbatar babu bashin wanda ya tashi, a kuma shirya sola ko janareta tun kafin bazara, domin iyalin da ba su saba ba ba za su iya kwana babu fanka a watan Afrilu ba. Wutar nan ƙarfinta bolt 230 ne, kuma soket ɗinmu mai baki uku ne irin na Ingila, don haka wanda ya taho da kayan wuta daga Amurka sai ya nemi na'urar rage ƙarfin wuta, in ba haka ba za su ƙone a ranar farko. A ɗaga kai a duba silin, tabon ruwa yana nuna inda rufi ke yoyo da damina. A taɓa ragar kowace taga, ƙaramar huda ta ishi sauro. Kuɗin haya na shekara ake biya gaba ɗaya, ga kuma kason dillali, kuma duk abin da aka yi alkawarin gyarawa a sa shi cikin yarjejeniya a rubuce da shaidu kafin kuɗi su fita.

Gabatar da su ga unguwa

Wannan mataki ne da 'yan boko sukan tsallake, alhali a ganina ya fi doguwar katanga amfani. Cikin makon da suka tare, ka ɗauki maigidan ka kai shi wajen mai unguwa bayan la'asar. Ka koya masa tun a mota abin da zai yi: zai yi sallama, zai cire takalmi a bakin zaure, zai zauna a kan tabarma ko darduma inda aka nuna masa, ba zai yi gaggawar shiga magana ba sai an gama gaisuwa, an tambayi gajiya da iyali da baƙunta. Sannan kai ne za ka ce, "Ranka ya daɗe, ga baƙonmu, likita ne a asibiti, ya kama gidan da ke kusa da masallaci shi da iyalinsa, mun kawo shi ya yi gaisuwa, amana ne a hannunku." 'Yar tsaraba ta goro ko turare ta isa. Daga ranar, mai shago da mai shayi da matasan bakin layi sun san ko wane ne shi, kuma duk wanda ya zo yana tambayar gidansa za a lura da shi. Haka za a yi da limamin unguwa, ko baƙon Musulmi ne ko ba Musulmi ba, da kuma ofishin 'yan sanda mafi kusa.

Ita kuwa uwargida, maiɗakinka ko wata 'yar'uwarka ce za ta raka ta gidajen maƙwabta ta shiga ciki ta gaida mata. Ka fahimtar da maigidan cewa namiji baligi ba ya wuce zaure sai an ce ya shigo, kuma rubutun "ba a shiga" da zai gani a ƙofar wasu gidaje da shi ake. Ba ya miƙa wa mace hannu, da hannun dama ake bayarwa da karɓa, kuma ba a ɗaukar hoton mutum, balle mace ko yaro, sai da izininsa. Jihar tana bin shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, ba a sayar da giya a fili, kuma sutura mai rufe kafaɗa da gwiwa ita ce ta dace ga kowa, mata kuma su riƙa ajiye gyale a jaka. Iyalin da suke Kirista ka nuna musu coci tun makon farko. Akwai majami'u a garin, cocin Katolika ma ya kafa dayosis na Katsina, wato yankin da bishop yake jagoranta, a 2023.

Layin waya da asusun banki ba su da wahala idan an bi su daki-daki. Tun ƙarshen 2020 ake haɗa kowane layi da lambar NIN, wadda baƙo mai izinin zama yake iya samu, banki kuma zai nemi BVN da shaidar adireshi. Kafin waɗannan su kammala, ma'aikata ta ba su layi na aro da ɗan tsabar kuɗi. Su mallaki layi biyu na kamfanoni daban-daban, kamar MTN da Airtel, su kuma saba da 'yan POS na unguwa.

Lafiya da yanayi

Zazzaɓin cizon sauro da muke ɗauka da sauƙi yana iya kayar da wanda bai taso da shi ba cikin kwana biyu ko uku, yaro kuwa ya fi haka sauri. Ƙa'idar da za ka kafa musu ita ce, duk zazzaɓi a yi gwajin jini a ranar, ba a jira gobe, ba a kuma sayen magani a kemis da ka. Kowane gado da gidan sauro mai magani, musamman daga Yuni zuwa Oktoba. Su tattauna da likitansu kan maganin kariya kafin su taso, da rigakafin sanƙarau, domin Katsina tana cikin yankin da cutar ke tashi a lokacin zafi da ƙura. Ka kai su su ga Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Mata da Yara na Turai 'Yar'aduwa da rana tsaka suna lafiya, su buɗe kati, su san ƙofar sashen gaggawa, domin tsakar dare da yaro a kafaɗa ba lokacin neman hanya ba ne. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, amma lambarka da ta direban ma'aikata su ne za su fi saurin amfani, a rubuta su a manna a jikin firji.

Ruwan sha ya zama na gora ko wanda aka tafasa, ganye da tumatir a wanke su sosai. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne, dare da asuba akwai sanyi, ƙura tana tayar da asma, leɓe da ƙafa suna tsagewa, don haka a tanadi rigar sanyi da man shafawa. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, kuma a wannan lokaci duk wata fita ta yara a yi ta kafin ƙarfe goma na safe ko bayan la'asar.

Kasuwa, masu aiki, makaranta, da wadda ke zaune a gida

Fita kasuwa ta farko da ta biyu a yi ta da rakiya. A Babbar Kasuwa uwargida za ta koyi cewa da tiya ake auna shinkafa da wake da gero, cewa farashin farko na ciniki ne, cewa idan mai kaya ya ce "albarka" sai a ƙara ko a wuce ba tare da ɓacin rai ba, kuma bayan an sallama ana iya neman gyara. A haɗa ta da mai nama ɗaya da mai kayan miya ɗaya da mai hatsi ɗaya waɗanda gidanku ya sani, domin ciniki da sananne yana kawar da tsadar da ake yi wa baƙuwar fuska. Wasu kayan abincin ƙasarsu sai a Kano za a samu, a riƙa tara buƙatar a sayo gaba ɗaya. Abincinmu kuwa a fara musu da wanda ake ci da zafinsa, masa da miyar taushe, tuwon shinkafa, ƙosai da kunu, tsire daga wuta. Fura da nono a dama musu a gida da ruwa mai tsabta kafin su fara sha a waje.

Mai gadi da direba da mai aikin gida kada a ɗauke su daga bakin titi. A samo su ta hannun wanda ya san gidajensu kuma zai tsaya musu, a faɗi albashi da ranar hutu a fili, a ba su lokacin salla, a kuma sanar da baƙon al'adar goron Salla. Ƙaramar yarinya ba 'yar aiki ba ce, wannan kada a yi sassauci a kai.

Makarantu suna fara shekara a watan Satumba, zango uku ne. A zagaya makarantu masu zaman kansu biyu ko uku lokacin da ake cikin darasi, a leƙa aji da banɗaki, a tambayi yawan yara a aji da yadda ake horo, domin iyaye da yawa daga waje ba su yarda da bulala ba, gara a yi maganar tun farko. Makaranta ta kusa da gida ta fi ta nesa ko da ta nesan ta fi suna.

Wanda aka fi mantawa da shi a duk wannan hidima shi ne wanda ba ya fita aiki. Maigida yana da ofis da abokai, yara suna da makaranta, ita kuwa tana cikin katanga daga safe har yamma, babu harshe, babu dangi, kuma sau da yawa kaɗaicinta ne yake sa iyali su tattara su koma kafin kwantiragi ya ƙare. Maganin yana hannun matan gidanka da na maƙwabta. A gayyace ta suna da biki, a ɗinka mata atamfa, a yi mata lalle, a samo mata malama mai koya mata Hausa sau biyu a mako. Idan tana da sana'a ko ilimin da za ta koyar, a nemi hanyar da doka ta yarda ta yi amfani da shi. A kuma bayyana mata cewa da azumi maƙwabta za su aiko da kunu da ƙosai, da Babbar Salla za a aiko da naman layya, kuma yaron da ya kawo ana ba shi tukuici. Su ma su kiyaye ci da sha a titi da rana a watan Ramadan, su kuma san cewa ranar Juma'a daga wajen ƙarfe ɗaya hanyoyin kusa da masallatai sukan toshe, shaguna da yawa sukan rufe.

Asabar ta farko, cikin gari

Kada a fara yawon ƙarshen mako da doguwar tafiya. Birnin kansa ya ishi safiya guda. A fara da Hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa mai tsawon kusan mita 15, wadda tarihi ya danganta da zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Korau a ƙarni na 15, lokacin da Katsina ta zama cibiyar malamai da fatake masu ratsa Sahara. A nemi izinin mai kula da wurin kafin a hau, a riƙe hannun yara domin matakalar ƙunci gare ta. Daga nan sai gidan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, kafin a mayar da ita Kaduna sannan Zariya ta zama Kwalejin Barewa. A bi ta Filin Kangiwa a ga Ƙofar Soro da Gidan Korau, wato fadar Sarkin Katsina, daga waje, shiga fada kuwa sai an nemi izini tun da wuri ta hannun wanda ya san ƙa'idarta. A ƙarasa da zagaya ƙofofin gari a mota, Ƙofar Guga, Ƙofar 'Yanɗaka, Ƙofar Marusa, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Sauri, ana nuna wa yara ragowar ganuwa. Mai sha'awar tarihin malamai a kai shi hubbaren Wali Ɗan Marina da na Wali Ɗan Masani, malaman ƙarni na 17. Idan lokacin gasar folo ne, filin folo wuri ne da iyali za su zauna cikin natsuwa, wasan da gidan sarautar Katsina ya shahara da shi tun zamanin Sarki Dikko da ɗansa Usman Nagogo.

Tafiya Daura

Bayan sun yi kamar wata guda sun san gari, Daura ce tafiya ta farko da ta dace. Kusan kilomita 80 ce gabas da Katsina ta Mashi, awa ɗaya da 'yan mintuna idan ba a yi gudu ba. Shiri daga ranar Alhamis yake farawa. Ka kira wani da ka sani a Daura ka tambayi halin hanya a wannan makon, ka kuma sanar da jami'in tsaro na ma'aikatarku, domin wasu ma'aikatun ba su yarda baƙonsu ya fita gari ba sai da izini, kuma idan suka ce a'a, magana ta ƙare. Ranar Juma'a a cika tanki da mai, a duba taya da safaya da jak da ruwan inji, a tabbatar takardun mota da lasisin direba ba su ƙare ba, akwai kuma abin kashe gobara da alamar tsayawa mai kusurwa uku da jami'an kiyaye haɗurra ke tambaya. Motar da ba ta jan ido ta fi, kuma direba ɗan gari ne zai tuƙa, ba baƙon ba. Waɗanda suka san da tafiyar kada su wuce mutum biyu ko uku, hotuna kuma ba a sa su a Facebook ko WhatsApp sai an dawo gida.

Daren Juma'a ka ba yaran labarin da za su je gani, domin rijiya ba ta burge yaron da bai san labarinta ba. Ka gaya musu yadda tarihin baka ya ce Bayajidda ya taso daga Bagadaza ya biyo ta Borno, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare ya sauka gidan tsohuwa Ayana ya nemi ruwa, ta ce masa ba a ɗiba sai ranar Juma'a saboda macijin da ke rijiyar. Ya je ya zura guga, ya sare kan macijin, sarauniya Daurama ta aure shi, kuma daga zuriyarsa aka sami Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Ga manya kuwa ka faɗa musu cewa masana tarihi suna muhawara a kan labarin, amma matsayinsa a wurin mutanen Daura ba abin wasa ba ne, kuma a bakin rijiyar ba a yin gardama.

A tashi da ƙarfe bakwai ko bakwai da rabi na safiyar Asabar, da ruwan sha mai yawa, da abin taɓawa na yara, da huluna, da tsabar kuɗi ƙanana. Kowane baƙo ya riƙe fasfo da takardar izinin zamansa a jikinsa, saboda hanyar tana kusa da iyakar Nijar, akwai shingayen 'yan sanda da sojoji da kwastan da jami'an shige da fice. Idan an iso shinge a rage gudu tun daga nesa, a sauke gilashi, a cire tabarau, a ajiye waya, kai ne za ka yi gaisuwa ka faɗi inda za ku. Ba a ɗaukar hoto a shinge ko kusa da jami'an tsaro, wannan a nanata wa matasa masu riƙe da waya.

Rijiyar Kusugu tana cikin gari, an gine ta a cikin ɗaki, akwai mai kula da ita da yake ba da tarihi. Ku yi sallama, ku bar shi ya yi bayaninsa har ƙarshe kana fassarawa, kada ka karɓe maganar daga bakinsa. Zai zura guga ya jawo ruwa a gabanku, yara su leƙa kana riƙe da su, su taɓa ruwan su ji sanyinsa. Mutane da yawa suna sha, wasu suna ɗiba a gora su tafi da shi gida. Baƙon da cikinsa bai saba ba yana iya wanke hannu da fuska ya yi godiya, babu wanda zai ga laifinsa. A yi wa mai kula da wurin alheri kafin a fita. Daga nan a wuce ƙofar fadar Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, wanda yake kan gadon sarauta tun 2007, a ga ginin da dogarai. Idan an shirya gaisuwa tun da wuri, a cire takalmi, a durƙusa yadda aka ga 'yan gari suna yi, a ce "Allah ya ja zamanin Sarki," a bar mai gabatarwa ya yi sauran magana. Baƙi da yawa za su tambayi gidan marigayi shugaban ƙasa Muhammadu Buhari, wanda aka binne a Daura a watan Yulin 2025. Gidan iyali ne, ba wurin yawon buɗe ido ba, a wuce ta gabansa cikin ladabi ya wadatar.

Abincin rana ya fi daɗi a gidan wanda ka sani, inda mata za su shiga ciki su huta, yara su sami banɗaki mai tsabta. A yi azahar a can, a kamo hanya kafin ƙarfe uku, yadda ko taya ta yi faci za a shigo Katsina da sauran rana. Idan wani abu ya riƙe ku har la'asar ta yi sanyi, ku kwana a Daura, kada ku bi hanya da magariba.

Bayan Daura

Wanda ya ji daɗin wannan tafiya zai nemi ƙari. Durɓi ta Kusheyi a ƙaramar hukumar Mani, inda tuddan kaburburan sarakunan farko na Katsina suke, waɗanda aka fara tonawa don bincike a 1907, tana buƙatar ɗan jagora daga yankin da sanar da hakimi ko dagaci kafin a je. Kasuwar Mai'aduwa da ke ci ranar Lahadi abin kallo ce ta shanu da raƙuma da tumaki, amma cunkosonta ya fi ƙarfin ƙananan yara, kuma tana dab da iyakar Kongolam, saboda haka kada a matsa gaba da sunan leƙa Nijar ba tare da biza da izinin ma'aikata ba. Madatsar Zobe da duk abin da ke yamma da kudu a bar su, ko da an ji labarin sulhu a wani yanki, sai jami'in tsaro na ma'aikata ya amince da bakinsa.

Hawan Salla a Katsina, da Hawan Magajiya da Sallar Gani ta watan Rabi'ul Awwal a Daura, su ne abin da baƙi suka fi ɗokin gani. Akwai shekarun da aka dakatar da hawa saboda tsaro ko annoba, don haka a jira sanarwar masarauta. Idan za a yi, a nema musu wurin zama a rumfar baƙi tun kwanaki kafin ranar, a je da wuri, a gargaɗi yara game da ƙarar bindigogin gargajiya da sukuwar dawakai, a kuma fita kafin taro ya watse.

Kano kuwa tafiya ce ta kwana. A tashi da safiyar Asabar, a kama otal tun kafin a taso, a ga Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata da Kasuwar Kurmi, a hau Dutsen Dala da sanyin yamma, a sayi kayan abincin da babu a Katsina a zuba masu lalacewa a cikin kula da ƙanƙara. Ranar Lahadi a baro Kano kafin azahar, domin a iso gida da rana, yara su yi aikin makaranta su kwanta da wuri.